Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Shin Takarda Ce Ke Ba Aiki Daraja?

Gabatarwa

Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasan kura a bakin kasuwa ya san abin da ake nufi. Dabbar ce ke ɗaure da takunkumi tana shan kulki, amma in 'yan kallo suka jefa kuɗi, aljihun gardi suke faɗawa. To, a wannan maƙala ina so in yi magana a kan mutum biyu da ke aiki iri ɗaya, a wuri ɗaya, a ƙarƙashin shugaba ɗaya, amma ɗaya ana ce da shi ma'aikacin dindindin, ɗayan kuwa na wucin gadi. Na farko yana da albashi sananne, da hutu, da ƙarin girma, da fansho ranar tsufa. Na biyu yana da abin da aka ga dama aka ba shi, ranar da aka ga dama, kuma kalma ɗaya ta isa ta raba shi da aikin.

Tambayar da nake son mu tattauna, ni da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ita ce: shin adalci ya yarda a bambanta haƙƙin mutum biyu alhali aikinsu ɗaya, ƙwarewarsu ɗaya, abin da ya raba su kawai shi ne irin takardar da aka ɗauke su da ita? In kuwa bai yarda ba, yaya za a gyara? Zan ɗauko misalaina daga ƙasar Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, domin can na tashi, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da harshe ya adana

Tun da yake Hausa nake karantawa, bari in fara da kalmomi. Bahaushe yana kiran abin da ake biyan ma'aikaci lada, kuma da wannan kalma yake kiran sakamakon da Allah ke ba wanda ya yi aikin alheri. Yana kiran abin da ma'aikaci ke bi haƙƙi, sa'an nan yana kiran nauyin da ke hawa kan wanda ya danne shi alhaki, har ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yakan bi. Ashe ke nan tun asali Bahaushe bai ɗauki biyan ma'aikaci a matsayin ciniki kurum ba, irin na gero da dawa. Ya ɗauke shi al'amari ne na ɗa'a, wanda ke da hisabi a nan duniya da gobe ƙiyama.

Haka kuma kakanninmu sun san aiki mai ɗorewa, sun san na ɗan lokaci. Akwai gandu, inda ɗa ke noma tare da mahaifinsa shekara da shekaru, shi kuwa uban ya ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari, ya yanka masa gayauna ya noma wa kansa. Akwai barantaka, inda bara ke hidimar ubangidansa, shi kuma ya ɗauke masa tufafi da abinci da hidimar suna da biki. Waɗannan masu ɗorewa ne. A ɗaya gefen akwai ƙwadago na yini, da jinga, wadda ake yanke wa mutum aiki da kuɗinsa in ya gama ya tafi, da gayya, da cin rani.

Ban ce zamanin da aljanna ne ba. An yi bauta a cikinsa, an kuma yi zalunci. Wata Baturiya mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna a littafinta na 1972 yadda talauci ke sa manomi ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago a gonar mai hali, har ya wayi gari talaucin ya hana shi noman ma. Amma akwai wata ƙa'ida guda da tsarin gargajiya ya riƙe, wadda ta cancanci mu lura da ita: gwargwadon daɗewar mutum a ƙofarka, gwargwadon nauyinsa a wuyanka. Ɗan ƙwadagon yini ba ya binka komai bayan faɗuwar rana, kai ma ba ka bin sa. Amma wanda ya shekara bakwai yana yi maka hidima, in ya kwanta ciwo ka juya masa baya, gari ne zai zage ka. Abin da zamaninmu ya ƙirƙiro, wanda kakanninmu ba su da suna gare shi, shi ne a riƙe mutum shekara bakwai kamar bara, a kuma biya shi kamar ɗan ƙwadagon yini.

Inda tsagar ta samo asali

Ruwa ba ya tsami banza. Turawan mulki ne suka kawo aikin albashi, suka kuma kasa shi gida biyu. Akwai akawu da malamai na gwamnati da na En'e masu albashin wata da fansho, akwai kuma leburori masu kuɗin yini, waɗanda suka yi hanyoyi da gadoji da layin dogo. Kalmar lebura kanta daga Ingilishi muka aro ta. A tsakanin 1942 da 1944 ma har da tilas aka yi, lokacin diban gwamna, da aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos.

Ma'aikatan ƙasar nan sun daɗe suna kuka da wannan rabo. Daga cikin abubuwan da aka ɗora wa Hukumar Morgan ta bincika a 1963 har da soke tsarin biyan kuɗin yini, kuma jan ƙafar da gwamnati ta yi a kan rahotonta shi ya jawo yajin aikin gama-gari na watan Yunin 1964. Lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin Udoji a 1975, aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976, aikin gwamnati ya yawaita, har aka zaci tsagar ta kusa ɗinkewa. Amma da tattalin arziki ya karye, gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, sai aka koma rage ma'aikata da dakatar da ɗaukar sababbi. Aiki kuwa bai ragu ba, yara sun ci gaba da cika azuzuwa, majinyata suna cika asibitoci. Saboda haka aka shiga cike gurbi da 'yan wucin gadi. Daga 2003, a zamanin Obasanjo, Gwamnatin Tarayya ta fara miƙa ayyukan shara da gadi da makamantansu ga 'yan kwangila. Bankuna da kamfanonin mai su ma suka bi wannan hanya, har ta kai a 2011 Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan ma'aikatan kwangila a harkar mai da iskar gas.

Abin da doka ta ce, da abin da ta bari

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu da ita ake aiki, ta ce a sashe na 7 kada ma'aikaci ya wuce wata uku da fara aiki ba a ba shi takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa ba. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sallama hawa-hawa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako biyu ga mai shekara 2 zuwa 5, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara 5. Ta kuma ba da hutun kwana 6 na aiki ga wanda ya cika wata 12 a jere. Mutane da yawa suna zaton dokar ta ce duk wanda ya yi wata uku ya zama na dindindin. Ba ta faɗi haka ba. Hasali ma ba ta fayyace wane ne ma'aikacin wucin gadi ba, kuma ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai wayo sai ya sallami mutum kafin wata uku su cika, bayan 'yan kwanaki ya sake ɗaukarsa a matsayin sabo, a yi ta juyawa haka har furfura ta fito masa.

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 125 a 1981 zuwa Naira 18,000 a 2011, da Naira 30,000 a 2019, da Naira 70,000 a 2024. Amma dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin ɗan lokaci a yini, da masu aikin jinga ko la'ada, da masu aikin da ke bin yanayi kamar noma. Mai karatu ya auna da kansa: in aka cire waɗannan, mutum nawa suka rage a Batsari ko Safana, ban da ma'aikatan gwamnati? Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 17, ya umarci gwamnati ta tabbatar da biya iri ɗaya a kan aiki iri ɗaya, sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai ƙara kotu a kansa kai tsaye. Watau doka ta san gaskiya, ta kuma faɗe ta, amma ta ajiye ta inda hannun talaka ba ya kaiwa.

Batsari da Safana

Ƙasar Batsari da ta Safana suna jingine da dajin Rugu, wanda ya miƙa har cikin Zamfara. Kowa ya san masifar da ta fito daga wannan daji. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari a hari guda. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan biyu, aka yi watanni a haka. An rufe makarantu a ƙauyuka, wasu ƙauyukan ma sun tashi ɗungurungum.

A irin wannan hali ne tambayar tamu ta fito fili. Malamin da ke da takardar dindindin, musamman in baƙo ne, yakan nemi a canja masa wurin aiki zuwa Katsina ko Dutsin-Ma ko hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma ban ga laifinsa ba, rai ya fi aiki. Amma wa ya rage a aji? Na san wata makarantar firamare a ƙauye, tsakanin Batsari da Safana, inda wanda ya riƙe azuzuwa uku a waɗannan shekaru wani saurayi ne ɗan garin mai takardar shaidar malanta, wanda iyayen yara ke haɗa masa ɗan abin da ya samu, wani watan a ba shi, wani watan a ba shi haƙuri. Na san ƙaramin asibiti inda wadda ke karɓar haihuwa da tsakar dare, lokacin da babu mai iya fita da mota, sunanta ba ya cikin takardar albashi, ana ce da ita 'yar sa kai. Waɗannan su ne suka fi kowa kusa da haɗari, su ne kuma in wani abu ya same su iyalinsu ba su da ƙofar da za su buga.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙari. Shirin N-Power na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara a 2016, ya tura matasa makarantu a kan Naira 30,000 a wata, amma a 2020 aka sallami rukunin farko da na biyu, kowa ya koma inda ya fito. A Jihar Katsina gwamnatin Masari ta yi nata mai suna S-Power, sa'an nan a 2023 gwamnatin Dikko Raɗɗa ta yi jarrabawa ta ɗauki malamai fiye da dubu bakwai aikin dindindin, cikinsu har da 'yan wannan shiri. Wannan abin yabo ne. Sai dai alheri ne na gwamna, wanda wani gwamnan yana iya yi, wani ya ƙi. Abin da nake nema shi ne ya zama haƙƙi, wanda ba ya jiran sa'ar zaɓe.

Hujjojin masu kare wannan tsari

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Hujjarsu ta farko ita ce yarda. Sukan ce ai ba wanda ya ɗaure shi, da ƙafarsa ya zo, ya ji sharaɗi ya amince. To, amma yarda iri biyu ce. Akwai ta mai zaɓi, akwai ta wanda rashin uwa ya sa ya yi uwar ɗaki. Saurayin da aka kore shi daga gonarsa, aka sace shanun gidansu, in ya karɓi aiki a kan kowane sharaɗi, yunwa ce ta sa hannu a madadinsa. Mun san wanda ya sayi hatsin maƙwabcinsa da arha tun yana gona, don ya ga matarsa na naƙuda ba shi da ko sisi, ba ma kiransa mai gaskiya ko da ciniki ya faɗa. Amincewar mai rauni ba ta wanke mai ƙarfi.

Hujja ta biyu ita ce, da babu gara ba daɗi. In aka tilasta wa mai aiki ya ba kowa haƙƙi cikakke, zai ɗauki mutum biyu maimakon biyar, sauran ukun su zauna gida. Wannan hujja tana da nauyi, kuma duk gyaran da ya yi biris da ita zai cuci waɗanda yake son taimako. Amma iyakar abin da take nunawa shi ne a yi gyara da hankali. Ba ta nuna cewa halin da ake ciki daidai ne ba.

Hujja ta uku ita ce, wasu ayyukan ɗabi'arsu ce su ƙare. Noman damina yana ƙarewa, gini yana ƙarewa, rigakafin shan inna na 'yan kwanaki ne. Wannan gaskiya ce, kuma ba wanda ya ce mai gonar rogo a Batsari ya yi wa ɗan ƙwadagonsa fansho. Amma koyar da aji uku ba ya ƙarewa, haihuwa ba ta ƙarewa, sharar harabar jami'a ba ta ƙarewa. Aibin yana wurin da aiki dindindin ne, ma'aikacin ne kaɗai na wucin gadi. A nan sunan ya zama ƙarya, an laƙaba shi ne don a kuɓuce wa nauyi.

Mizanin ɗa'a

Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun sharɗanta wa ijara, watau ɗaukar mutum aiki, cewa lada ta zama sananniya, aikin ko wa'adinsa shi ma ya zama sananne, domin a kauce wa duhun da ke jawo husuma da cuta. Ba da fatawa aikin malamai ne, amma ko ɗalibi yana iya ganin cewa mutumin da bai san nawa za a ba shi ba, bai san yaushe ba, bai san ko gobe yana da aiki ba, an bar shi cikin duhun da wannan sharaɗi ya zo ya kawar. A Suratul Ƙasas an ba da labarin yadda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa, alaihis salam, aikin shekara 8, in ya so ya cika 10, ya kuma nuna masa ba ya nufin tsananta masa. Wa'adi a fili, zaɓi a hannun ma'aikaci. Hadisi kuma ya yi umarni da a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba.

Masanan wasu al'ummu sun iso wuri guda ta wata hanya. Kant, Bajamushen da ya rasu a 1804, ya koyar da cewa bai halatta a ɗauki ɗan Adam a matsayin kayan aiki kurum ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a taronta na Filadalfiya a 1944, ta ƙi yarda a ɗauki aikin mutum kamar hajar kasuwa. John Rawls na Amurka, a 1971, ya ce tsari mai adalci shi ne wanda mutane za su zaɓa in ba su san matsayin da zai faɗo musu ba. Wannan kuwa mu mun san shi a watanda. In an yanka sa an kasa nama, mai kasawa yakan daidaita kashi-kashi da kyau, domin bai san wanne zai zama nasa ba. To, da za a tara mu ɗalibai a ce mu tsara dokar aiki, alhali ba wanda ya san ko shi zai sami takardar dindindin ko shi zai ƙare a ɗan sa kai, wa zai zaɓi tsarin da muke da shi yau?

Wane ne gardin?

Kada mai karatu ya zaci ma'aikacin dindindin nake kira gardi. Shi ma albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Gardi shi ne duk mai cin ribar tsagar: ɗan kwangilar da ke karɓar kuɗin mutum goma ya ba su rabi, da shugaban da ke riƙe da mutane cikin tsoro don kada su buɗe baki, da mai sayar da gurbin aiki. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti don binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatun Tarayya. Me ya sa mutum zai sayar da gona ya sayi takardar aiki? Saboda ratar da ke tsakanin mai ita da marar ita ta yi faɗi ƙwarai.

Duk da haka akwai gaskiyar da ya kamata 'yan dindindin da ƙungiyoyinsu su ji. Kariyar da ta yi yawa a gefe guda tana haifar da rashinta a ɗaya gefen. In ya zama ba a iya korar malamin da ba ya zuwa aji, sai an shekara ana rubuce-rubuce, to hukuma za ta ji tsoron ɗaukar wani na dindindin, ta gwammace ɗan wucin gadi. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, domin muddin akwai mai yin aikinka da rubu'in albashinka, kai ma barazanar yajin aikinka ba ta da kaifi.

Darasi daga wasu ƙasashe

Ƙasar Sifen ta sassauta ɗaukar ma'aikatan wucin gadi a 1984 don rage zaman banza, ta bar kariyar 'yan dindindin yadda take. Kafin shekara goma, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu aikin albashi sun zama na wucin gadi, kuma da tattalin arziki ya karye a 2008, su aka fara zubarwa. A watan Disambar 2021 ta sake doka, ta taƙaita dalilan da za a ɗauki mutum na ɗan lokaci, ta kuma ƙarfafa wata yarjejeniya ta dindindin mai bin yanayi, wadda mai aikin gona ko otal ke hutawa in lokaci ya wuce, a kuma kira shi in ya dawo, shekarunsa na lissafuwa. Yawan 'yan wucin gadi ya sauko daga kusan rubu'i zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Italiya a 2015 ta gwada yarjejeniyar da kariyarta ke ƙaruwa da daɗewar ma'aikaci, ko da yake kotun tsarin mulkinta ta gyara mata lissafin a 2018. A nan Afirka, dokar ƙwadagon Gana ta 2003 ta ce wanda ya yi wata 6 a jere wurin mutum ɗaya a ɗauke shi kamar na dindindin. Afirka ta Kudu, daga 2015, ta sa iyakar wata 3 ga masu ƙaramin albashi, sai in akwai dalili karɓaɓɓe.

Gyaran da nake gani

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban ce a mai da kowa na dindindin rana ɗaya ba, domin aljihun ƙaramar hukuma ba zai ɗauka ba. Ban kuma ce a tuɓe wa 'yan dindindin rigarsu don kowa ya yi daidai cikin tsiraici ba. Abin da nake gani shi ne a rushe katanga a kafa tsani.

Na farko, akwai haƙƙin da ya kamata ya fara tun ranar farko, ko wane suna aka ba mutum: takarda a rubuce, a kuma karanta masa ita da Hausa, lada daidai da ta abokin aikinsa gwargwadon sa'o'in da ya yi, ranar biya sananniya, diyya in ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki, da 'yancin shiga ƙungiya. Na biyu, sauran haƙƙoƙi, kamar wa'adin sallama da kuɗin sallama da hutu, su riƙa ƙaruwa da shekaru, yadda sashe na 11 ya riga ya nuna hanya, kuma a riƙa haɗa lissafin duk watannin da mutum ya yi, don kada a yi dabarar kora da sake ɗauka. Na uku, duk mai son ɗaukar na wucin gadi ya rubuta dalili da ranar ƙarewa, in ranar ta wuce aiki bai ƙare ba, to sunan ya faɗi. Na huɗu, fansho ya bi mutum duk inda ya je. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora kashi 10 cikin ɗari a kan mai aiki, kashi 8 a kan ma'aikaci, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, saboda haka hanyar tana nan, shigar da kowa ne ya rage. Na biyar, a sauƙaƙa hukunta wanda ba ya aiki, bayan an saurare shi, ko da wace takarda yake riƙe. Na shida kuma, wanda ya tsaya a ƙauyen da kowa ya gudu, a Runka ne ko a Wagini, a sa shi a sahun gaba ranar ɗaukar aiki.

Kammalawa

A taƙaice, amsar da na kai gare ta ita ce adalci ya yarda a bambanta mutane a kan wahalar aiki, da ƙwarewa, da daɗewa, amma bai yarda a bambanta su a kan suna kawai ba. Takarda shaida ce a kan aiki, ba ita ke ba shi daraja ba. Mu ɗalibai wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin gobe wasunmu za su tsaya a layin neman aiki, wasunmu kuma, in rai ya yi tsawo, su ne za su zauna a kujerar ɗauka. Wanda ya sami kujerar ya tuna da abin da harshensa ya koya masa, cewa kalma ɗaya ce ke nufin kuɗin ma'aikaci da sakamakon lahira. Ina fata malamaina da 'yan'uwana, musamman masu karatun shari'a da tattalin arziki, za su ɗora a kan wannan ɗan tsokaci a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu, amin.